BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jawabi ga rassanmu na garuruwan kasuwa bisa tanadin abinci. A karanta shi a taron reshe, a kuma maimaita wa waɗanda ba su samu zuwa ba.



 Muna neman gafarar manya tun da fari, domin masu wannan magana ƙanana ne a gabanku, aikinmu koya wa yara karatu da ƙidaya a lakkol. Amma da yake rabin maganar yau lissafi ne, shi ya sa aka ɗora mana ita.

Duk kasuwar da mutum ya shiga, daga Kwanni zuwa Magarya, daga Dakwaro zuwa Madarunfa, zai ji ana zancen abu guda a rumfunan shayi: wai zamani ya lalace, wai wata rana za a wayi gari ba hanya, ba kuɗi, ba hukuma, kowa tasa ta fisshe shi. Waɗansu sun ji a rediyo, waɗansu an aiko musu ta waya. Har ana ba da labarin mutanen Amurka da ke haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, su cika shi da abincin gwangwani da bindigogi, suna jiran ranar da kome zai rushe. A cikinmu ma akwai masu hali da suka fara tunanin cika mangaza da buhuna, su sa kwaɗo, su yi shiru.

Ba mu zo mu yi wa mai tsoro dariya ba. Wanda ya san tarihin ƙasar nan yana da dalilin tsoro. Abin da muke so shi ne mu duba tarihin nan da idon basira, mu ga mene ne ke karyewa in wahala ta zo, mene ne kuma ke tsayawa, sa'an nan mu san irin shirin da ya dace da mu.

ABIN DA YA TAƁA SAMUNMU

A 1913 ruwa ya ƙi, a 1914 aka shiga yunwar da kakanninmu suka sa wa suna Kakalaba. Lokacin nan babu kamiyo, abinci bisa jaki da raƙumi yake tafiya, dabbobin kuwa su ma suna mutuwa. Duk da haka mulkin Nasara bai daina karɓar lanho ba.

A 1931 fara ta cinye gonaki a yammacin ƙasa, wajen Yamai, Filinge da Doso. Zabarmawa suna kiranta shekarar fara. Mutane dubbai suka mutu, waɗansu dubbai suka gudu. Nan ma an ci gaba da neman lanho wurin mutanen da ba su da abin sa wa baka, har ya zama mutum ya sayar da ɗan hatsin da ya rage masa don ya fanshi kansa daga gardi.

Wajen 1954 aka yi wadda ake kira shekarar gari, domin garin rogo da aka kawo daga kudu shi ya riƙe mutane.

Sa'an nan ga fari mai tsawo daga 1968 zuwa 1974. Kafin nan an cika gonakin Maraɗi da Damagaram da gyaɗa, domin ita ke kawo kuɗi, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yana saye. Da fari ya tsananta a 1973, aka ga ba a tuƙa tuwo da takardar kuɗi. Ƙasashen waje sun aiko da taimako, gaskiya ne. Amma ku duba hanyarsa: jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, jirgin ƙasa ya ɗauka ya tsaya Paraku domin nan dogo ya ƙare, sa'an nan kamiyo ya ɗauka zuwa Gaya, daga nan a rarraba cikin ƙasa mai faɗi irin tamu. Da yawa ya iso bayan damana ta faɗi, hanyoyi sun yanke. Wannan yunwa tana cikin dalilan da suka kawo faɗuwar gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗar kanta, ba ta sake komawa yadda take ba.

A 1984 fari ya komo, ya tarar Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Afrilu, ba a buɗe ba sai 1986. Shi ya sa mutanen Maraɗi suka sa wa wannan yunwa suna El-Buhari. Jibiya na nan kusa, Katsina na nan kusa, amma hatsin da aka saba kawowa daga can ya zama sai ta ɓarauniyar hanya.

Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya kwana da jika 100 a ƙarƙashin katifa ya tashi da jika 100 ɗinsa cif, amma ga kayan waje ƙarfinta na jika 50 ne.

Ta 2005 ita ce muke so ku fi riƙewa, ku mutanen kasuwa. Amfanin gonar 2004 ya ragu saboda fara da ƙarancin ruwa, amma ragin bai kai na 1973 ko na 1984 ba. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Ana ganinsa a buhu, ana ganinsa a tiya. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka: buhun da aka saya wajen jika 10 da kaka ya kai wajen jika 30 a tsakiyar damana, tumaki da awaki kuwa darajarsu ta zube, har mutum ya sayar da akuya bai samu abincin mako biyu ba. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi, watau a inda ake kira rumbun ƙasa.

Na kusa kuwa kowa ya gani da idonsa. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ran 30 ga Yuli 2023, kwana 4 bayan juyin mulki, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasar nan takunkumi. Aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, wadda ita ce wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ake amfani da ita a lokacin, banki ya taƙaita abin da mutum zai ɗauka daga kuɗinsa, shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya. Ba a ɗage takunkumin ba sai ran 24 ga Fabrairu 2024.

To, ku jera waɗannan shekaru ku duba. Abubuwan da ke karyewa sanannu ne: ruwan sama, hanya, iyaka, darajar kuɗi, farashi. Wani lokaci ɗaya ne ke karyewa, wani lokaci biyu ko uku tare. Amma a cikin shekara 110 ɗin nan ba a taɓa wayar gari duniya ta tashi ba. Kasuwa ta ci gaba da ci ran da ta saba, liman ya ci gaba da ba da salla, maƙwabcinka yana nan bayan danga. Saboda haka abin da ya kamata mu shirya wa a bayyane yake: wata 4 zuwa wata 6 da abincin nesa ba zai iso ba, ko ya iso kuɗinsa ya gagare mu. Wanda ya ƙetare waɗannan watanni bai sayar da gonarsa ba, bai sayar da uwar garkensa ba, bai ci irinsa ba, ya tsira. Wanda ya sayar da su, ko da ruwa ya komo, shi yunwarsa ba ta ƙare ba.

RUMBU IRI UKU

Kakanninmu ba su rasa dabara ba. A ƙasar Maraɗi, in an gama kaka, mai gida yakan rufe babban rumbun gandu. Da rani kowa ya ci daga abin da ya samu a gamanarsa, ko daga sana'arsa, ko ya tafi cin rani. Ba a buɗe rumbun gandu sai ruwa ya sauka an fara noma, lokacin da jiki ke bukatar ƙarfi, kasuwa kuma ta yi tsada. Hatsin kuwa a zangarniyarsa ake aje shi, domin a haka yakan yi shekaru bai lalace ba, wanda aka sussuka kuwa ƙwari sun fi saurin samunsa. Kun san a labarin Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shawarar da ya ba mutanen Masar ke nan, su bar amfanin shekarun wadata a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Wannan shi ne rumbu na fari.

Na biyu shi ne na Nasara. Bayan abin kunyar 1931, mulkin mallaka ya tilasta wa kowane gari ya gina rumbunan tsimi, kowane mai gida ya zuba gwargwadon yawan iyalinsa. A takarda abin ba shi da laifi. Amma hatsin naka ne, izinin buɗewa na kumandan ne. Mutum na iya jin yunwa yana kallon rumbun da ya zuba wa guminsa. Wani wuri hatsin ya ruɓe, wani wuri ya bi ta hannun masu iko. Shi ya sa da aka soke aikin tilas a 1946, aka fara siyasa a ƙasar nan, soke waɗannan rumbuna ya shiga cikin manyan kukan talakawa. Sun yi gaskiya da suka ƙi su. Sai dai kuma da rumbun dole ya tafi, ba a maye gurbinsa da na son rai ba, na gandu kuma ya yi ta raguwa yayin da gidaje suka rarrabu, gonaki suka ƙanƙance.

Na uku shi ne wanda muke kira gare shi yau: rumbun unguwa, wanda mutanen unguwa suka zuba da hannunsu, makullinsa na hannunsu, lissafinsa kuma kowa ya sani. Ba sabon abu ba ne. Tun bayan 1974 ƙungiyoyi sun gina rumbunan tsimi masu yawa a ƙauyuka, da yawa kuma sun mutu. Abin da ya kashe su sananne ne: an ba da bashi ba a biya ba, shugabanni sun ci, hatsin farko kyauta aka kawo shi daga waje, don haka ba wanda ya ji zafinsa. Mu ɗauki darasi daga kabarinsu.

LISSAFI

Yanzu ga rabonmu na mushen lakkol. Ku sa ɗaya daga cikin yaranku ya rubuta.

Tiya ɗaya ta hatsi wajen kilo 2 da rabi ce. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ke nan. Ma'aikatan noma suna ƙiyasta wa mutum ɗaya, in an haɗa babba da yaro, wajen kilo 230 a shekara. Watau tiya ɗaya tana ciyad da mutum 4 a yini. Gida mai mutum 8 yana cin tiya 2 a yini, tiya 60 a wata, buhu 1 da rabi ke nan, buhu 18 a shekara. Daga shuka zuwa sabon hatsi, watau daga Yuni zuwa Satumba, wannan gida yana bukatar buhu 6. Waɗannan buhu 6 su ne ran gidan. Kowane mai gida ya koma ya ƙidaya bakunan da ke gidansa, har da almajiri da baƙon da ya daɗe, ya san nasa adadin. Yawancinmu mun san kuɗin babur da na waya, ba mu san wannan ba.

Ga misalin unguwa. A ce gida 50 ne. Kowane gida ya kawo tiya 1 kowace ranar kasuwa, tun daga kaka har mako 20. An sami tiya 1,000, buhu 25. Ba za su ciyad da unguwa duka ba, kada mu ruɗi kanmu. Amma za su riƙe gida 10 mafiya rauni har kwana 50, kwana 50 ɗin nan kuwa su ne tsakanin mai gona da wanda ya jinginar da gonarsa. In an riƙe amana, shekara ta biyu ana farawa daga buhu 25, ba daga hannu wofi ba.

Dokokin da muke ba da shawara su ne waɗannan.

1. Kwaɗo 3 a ƙofa, makulli 3 a hannun mutum 3 waɗanda ba gida ɗaya suke ba. Ɗaya daga ciki lalle mace ce. A ƙasar Agye an gwada rumbunan da mata ke riƙewa don watannin wahala, an kuwa ga amfaninsu, domin mai tuƙa tuwo ita ta fi sanin ranar da tukunya za ta kwana ba wuta.

2. Kaye ɗaya na shiga da fita, a karanta shi da ƙarfi a gaban jama'a sau ɗaya a wata.

3. A sa ranar buɗewa tun da kaka, a gaban kowa. Kafin ranar nan ba biki, ba suna, ba baƙon girma da zai sa a buɗe.

4. In an buɗe, a sayar wa ƴan unguwa da tiya, ba da buhu ba, bisa kuɗin kaka da ɗan ƙari kaɗan saboda asara da gyaran rumbu. Kuɗi hannu. Da kuɗin nan za a sake cika rumbu da kaka mai zuwa.

5. Masu riƙe da makulli ba su cin bashin rumbu, su da iyalinsu.

6. A ware kashi 1 cikin 10 don gwauraye, marayu, tsofaffi da baƙin da wahala ta koro. Wannan kyauta ne, ba ya kuma ɗauke wa kowa zakkar gonarsa.

Maganar baƙi ba ƙari muka yi ba. A 2019 mutane dubbai suka ƙetaro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, ƙauyukan Gidan Runji suka sauke su a gidajensu kafin wata ƙungiya ta iso. Garin da ya yi lissafin kansa kaɗai, lissafinsa bai cika ba. Saboda wannan matsala ta tsaro kuma, gara rumbu 3 ƙanana a unguwa 3 da babba guda a bakin gari.

A gina bisa tudu, a ɗora bisa duwatsu saboda gara da laima, ko na kara ne ko rufewar laka irin ta Adar. Ambaliyar 2024 da ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram ta tafi da rumbuna da yawa a ƙasar nan. Wake kuwa, wanda ƙwari ke gamawa da shi cikin ƴan watanni, a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, a ɗaure kowace leda dabam. In iska ba ta shiga, ƙwaron mutuwa yake. Gangar ƙarfe mai murfi, in an cika ta an toshe, haka take yi. Kada a zuba maganin ƙwari na gona cikin abin da yara za su ci.

TANADI DABAM, ƁOYO DABAM

Yanzu za mu faɗi maganar da ba ta da daɗi, domin a cikin rassanmu akwai ƴan kasuwar hatsi, waɗansu ma su ne ke ɗauke da nauyin taronmu. Alhazanmu, ku yi mana haƙuri. Wanda ya saya da kaka ya sayar da bazara ya ci riba daidai, ba mu da magana da shi, don ba don shi ba da hatsin Dakwaro bai isa Agadas ba. Amma wanda ya rufe mangaza yana jin kukan yara a bayan katangarsa, yana jiran buhu ya ƙara jika 5, wannan malamai sun daɗe da faɗin hukuncinsa, ba sai mun ƙara ba. Mu dai za mu tuna masa abu guda na duniya: mangaza cike a tsakiyar unguwa mai yunwa ba ta da mai gadi da zai isa. Dabarar mutumin Amurka mai rami da bindiga ta wanda bai san sunan maƙwabcinsa ba ce. A nan, tsaron dukiyarka shi ne maƙwabcinka ya ƙoshi. Muna roƙon kowane ɗan kasuwa da ke cikinmu ya sayar wa rumbun unguwarsa bisa kuɗin da ya saya, ya kuma ara masa ma'auni da wurin ajiya.

Ku kuma manoma, mun san abin da ke fitar da hatsinku da kaka: bashi, biki, tufafin salla. Mutum ya sayar da arha a Oktoba, ya sayi abinsa da tsada a Yuli. Akwai dabarar da aka fara a ƙasar nan wajen 1999, manoma su aje amfaninsu a mangaza mai kwaɗo biyu, ɗaya nasu ɗaya na asusun da zai ba su rance, su biya in farashi ya tashi, su ɗauki kayansu. Inda akwai irin wannan, reshe ya bincika sharuɗɗanta ya bayyana wa mutane. Iyayenmu mata kuma suna da tasu: Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, asusun mako-mako ne da ya bazu har ƙasashe da yawa. Maza su je su koya, ba abin kunya ba ne.

ABIN DA KE BAYAN RUMBU

Rumbu ba ya cika kansa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Iri. A zaɓi zangarniyar iri tun a gona, a aje ta dabam inda hannu ba ya kaiwa. A haɗa irin gida da mai saurin nuna kamar HKP da ake samu ta wajen ma'aikatan noma da tashar bincike ta Tarna, domin in damana ta gajarta ɗaya ya kai.

Itace. Sarakunan Damagaram na dā sun hana saran gawo da horo mai tsanani, sun san abin da suke yi. Gawo yana zubad da ganye da damana ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ƴaƴansa su riƙe dabbobi. Daga 1983 aka fara abin da ake kira sassaben zamani a ƙasar Maraɗi, wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka tsaya a kansa: in kana sassabe, kada ka ƙone kututture, ka bar tsiro 2 ko 3 masu ƙarfi, ka datse sauran. Da wannan kaɗai manoman Maraɗi da Damagaram suka mai da itace bisa wajen hekta miliyan 5, ba tare da sun shuka ko sun yi ban ruwa ba. Wanda ke da itace a gonarsa yana da itacen wuta na sayarwa ran da rumbu ya yi ƙasa.

Ƙasa. Manoman Ilela da Badagishiri sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989, suka komo da dabarar tassa: a haƙa ƙananan ramuka a fako da rani, a zuba taki cikin tafi ɗaya, ruwan fari ya taru a ciki, a shuka. Fakon da aka yar ya koma gona har ana sayensa da kuɗi. Inda kuma ruwa ke kusa, noman rani da aka ƙarfafa bayan 1984 ya nuna abin da yake iyawa, albasar Galmi shaida ce.

Dabba. Jar akuyar Maraɗi tana yawan haihuwar tagwaye, tana ba yara nono. Fulani suna da al'adar habbanaye: ka ba wanda ya rasa uwar dabba, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya maido maka da uwar. Kowane reshe zai iya farawa da awaki 5. In kuma an ga damana ta ɓaci, a rage garke tun dabba na da nama, kada a jira farashin 2005.

Ruwa. Garin da ke sha daga famfo mai aiki da lantarki ya tuna da 2023. Kada a bar tsohuwar rijiya ta cike. A yashe ta, a yi mata murfi, a aje guga da igiya. Mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 15 a yini. A lokacin wahala kuma zawo da ƙyanda da zazzaɓi ke ɗaukar yaran da yunwa ta raunana. Kowace uwa ta san wannan haɗi: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, rabin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan ana kan hanyar zuwa likita.

Sani. Tsofaffinmu mata sun san jiga, tafasa, yaɗiya, gasaya, sun san ƴaƴan anza sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Yaranmu na lakkol da yawa ba su iya bambanta waɗannan ganyaye ba. A sa su bi kakanninsu daji tun ana ƙoshe. A shanya zogale, kuka, kuɓewa da yakuwa da kaka.

MASU CEWA

Wani zai ce wannan rashin tawakkali ne. Mun bar wa malamai amsa, amma mun ga malamin da ke faɗin haka shi ma yana ɗaure jakinsa da dare.

Wani zai ce, ni da ba ni da na yau, ina zan sami na gobe? Don kai aka ce tiya ɗaya a mako, da kaka, lokacin da ko mai ƙaramin ƙarfi yana da ɗan abu a hannu. Wanda ba shi da ko wannan ya kawo ƙarfinsa ran ginin rumbu, a rubuta masa.

Wani zai ce aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, akwai OPVN tun 1970, aikinta ke nan ta aje hatsin ƙasa ta sayar da rahusa in an shiga wahala, kuma haƙƙinmu ne mu tambayi abin da ke cikin mangazunta. Amma kamiyon gwamnati yana da ƙauyuka dubbai a gabansa, a 2005 ma ba a fara rabon kyauta ga jama'a ba sai watan Agusta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙasar da kowace unguwa ke riƙe da abincin wata 4, ba a tanƙwara ta da rufe iyaka. Mulkin kan da aka samu ran 3 ga Agusta 1960 yana da ƙafa a cikin rumbu.

AIKIN KOWANE RESHE

Kafin kasuwa 4 masu zuwa, muna so sakataren kowane reshe ya aiko da amsar waɗannan: gida nawa ne a unguwarku, baki nawa; gida nawa ne abincinsu ba ya kai su watan Yuni; rijiya nawa ke da ruwa ba tare da inji ba; su wane ne mutum 3 da jama'a ta yarda su riƙe makulli; ina za a gina rumbu. Kada a rubuta sunan mabukata a takardar da za ta fita gari, adadi ya isa, a rufa wa kowa asiri. Mushen lakkol da ke garinku zai taimaka da lissafi ba tare da an biya shi ba.

Wanda kuma ya zo muku da labarin tashin duniya a rumfar shayi, ku saurare shi har ya gama, sa'an nan ku tambaye shi tiya nawa gidansa ke ci a wata, ku gayyace shi taro.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu ikon riƙe amana.